Filin Manoma: In Wayar Lantarki Ta Yi Kuka A Jikin Gida

Wani mai karanta wannan fili, mutumin Karakkai ta ƙasar Bunguɗu, ya aiko mana da tambaya. Ya ce da ya sayar da waken suya da audugarsa, ya gina ɗan gida a Gusau, ya rufa kwano, aka ja masa wuta. To, tun shigowar hunturu, kullum dare sai su ji wani ƙugi daga kusurwar ɗakin da aka ɗaura waya, zuuu, kamar an rufe ƙudan zuma cikin tulu. Uwargida ta ce ba ta ƙara kwana a ɗakin, maƙwabta kuwa wasu sun ce gidan yana da iska. Shi dai abin da ya ke tsoro gobara, gama a ɗakin da ke kusa ya jibge buhunan dawarsa ta shekara.

Wani zai ce wannan ba maganar noma ba ce. Amma hatsin da aka yi wata biyar ana wahalarsa, dare ɗaya wuta ta ke cinye shi. Saboda haka yau za mu ajiye fartanya mu duba waya.

Da fari dai a riƙe wannan: duk binciken da za mu faɗa, da kunne da ido za a yi shi, mutum yana tsaye a ƙasa. Ba hawa tsani, ba hawa rufi, ba zungurar waya da gora ko ƙugiya. Icce mai laima yana ɗaukar wuta.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Abin nan da mu ke kuka da shi kullum, watau ɗauke wuta, yau ga ranarsa. Ka jira sai an ɗauke wuta a unguwa duka, sa'an nan ka shiga ɗakin ka kasa kunne. In ƙugin yana nan yadda ya ke, to, ba lantarki ke yinsa ba. Sai dai kada wannan ya sa ka taɓa wayar. Ana iya mayar da wuta ba sallama, ko kuwa wani maƙwabci ya tā da janareta bai raba layinsa da na gari ba, wutarsa ta biyo waya har gidanka.

In ba lantarki ba ne, galibi iska ce, amma ba irin wadda maƙwabta su ke nufi ba. Ku dubi gurmi. Tsirkiyarsa in an ciro ta ita kaɗai aka kaɗa, da ƙyar za a ji amonta. Amma da an ɗaura ta a kan ƙwarya da fata, sai a ji ta har ƙofar gida. Haka waya ta ke. An ja ta daga falwaya an ɗaure a jikin gini, ita ce tsirkiya. Rufin kwano da silin da ɗakin da ke ƙarƙashinsu, su ne ƙwarya. Iska kuwa ita ce makaɗi. In ta ratso waya sai ta rabu biyu, ta riƙa murɗawa a bayanta, sau ɗaya ta sama sau ɗaya ta ƙasa, da sauri ƙwarai, wayar ta riƙa makyarkyata. Ido ba ya ganin motsin, amma yana bin ƙarfen da aka ɗaura wayar ya shiga katakon rufi, kwano ya ɗauka ya ƙara masa ƙarfi.

Abin mamaki, ba guguwa ce ta fi sa wannan kuka ba. Iska mai sauƙi wadda ke busowa bai ɗaya ba yankewa, irin ta hunturu, ita ce gwanar kaɗa waya. Sanyi kuma yana taimakonta, gama ƙarfe yana tsukewa da sanyi. Wayar alminiyam mai tsawon mita 30, in zafi ya sauka da digiri 20 tsakanin azahar da asuba, tana raguwa da wajen rabin inci. Ga wayar da aka bar mata ɗan lanƙwasa wannan ba kome ba ne. Amma wadda mai ja ya ɗame ta tamau tun farko, don a ce ya iya aiki, sai ta ƙara ɗamewa, amonta ya tashi. Shi ya sa a kan ji ta da dare da asuba, in hantsi ya yi ta yi shiru.

Alamun kukan iska ba su da wuyar ganewa. Yana tashi yana sauka, in iska ta kwanta ya kwanta, kuma ya fi ƙarfi a cikin ɗaki bisa ga tsakar gida. Maganinsa a wajen ma'aikatan wuta ya ke: su ɗan sassauta wayar, su sa tangaran ko roba tsakaninta da ƙarfen da ke riƙe ta, in kuwa a katakon rufi aka kafa ƙarfen, a mai da shi jikin bango mai ƙarfi, ko a kafa masa sanda tasa dabam. In kun lura da manyan layuka, za ku ga wasu ƴan ƙarafa masu kai biyu suna rataye a jikin waya kusa da tangaran. Ba ado ba ne, aikinsu shanye wannan makyarkyata. Wani injiniya a Amurka, George Stockbridge, shi ya ƙago su a shekarun 1920.

Wannan kuka ba ya kawo gobara yau ko gobe, amma kada a raina shi. Wayar da ke motsi dare da rana tana sassauta ƙusa, tana cin bangon ƙasa. Mafi muni, in tana gogar bakin kwano, sannu a hankali kwanon zai yanke robarta, ran nan sai rufin duka ya ɗauki wuta. A gidaje da yawa kuwa igiyar shanya ta waya ce, an ɗaura ta a jikin rufi. Mace ta fito da jiƙaƙƙen zane, ƙafa ba takalmi, ƙasa da laima, Allah ya kiyaye. Don haka ka tsaya daga nesa da rana ka duba ko wayarka tana taɓa kwano ko reshen darbejiya. Igiyar shanya kuwa a sa ta roba, a ɗaura ta a wani wuri.

Kafin mu wuce, a leƙa ko ƙudan zuma ne na gaskiya. Su kan shiga silin ta ramin da aka huda don waya. In da rana ka ga suna shiga suna fita, to, mai zuma za ka nema, ba mai wuta ba.

To, in kuwa ƙugin yana ɗaukewa tare da wuta, yana komowa tare da ita, sai gwaji na biyu. Sa'ad da akwai wuta, ka busar da hannunka, ka sa takalmin roba, ka kashe babban makunnin gidan. In ƙugin ya tsaya, mai yinsa yana cikin gida. Sai ka kashe kome, ka mai da babban makunni, ka riƙa kunna kaya ɗaya ɗaya har ka kama ɓarawon. Galibi fanka ce, ko firij da ya jingina da bango, ko sitabilaiza, ko inbatar sola, ko doguwar fitila irin ta da.

Dalilin wannan ƙugi shi ne, wutar da a ke ba mu a Nijeriya ba ta tafiya gaba ɗaya kamar ruwan rafi. Kai da komowa ta ke yi, sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Duk na'urar da ke da waya naɗe a kan ƙarfe, ƙarfen yana ɗan tsukewa yana saki sau biyu a ko wane zagaye, watau sau 100 a daƙiƙa. Shi ne gurnanin nan mai kauri da ku ke ji in kun wuce taransifoma. Muryarsa ɗaya ce, ba ta hawa ba ta sauka, ba ruwanta da iska. Wanda gidansa ke kusa da taransifoma zai riƙa jinsa da dare in gari ya yi tsit, ko ya kashe makunninsa. Wannan halinta ne. Sai in muryar ta sāke, ta yi ƙarfi fiye da yadda aka saba, ko ana ganin mai yana tsiyaya, ko ana jin ƙauri, sa'an nan a kai rahoto.

Yanzu ga wanda ya fi su duka hatsari, shi ne dalilin rubuta wannan. In abin da ka ke ji ba ƙugi ne mai santsi ba, ƙara ce mai tsartsarwa, cuuu, ƙas ƙas, kamar an jefa ƙosai cikin mai, to, wuta ce ke tsalle a wani mahaɗi da ya saki. Inda waya biyu su ka haɗu ba su damƙu sosai ba, wurin yana zafi, zafin yana ƙara sassauta shi, har wuta ta riƙa tsallaka ɗan ratar da ke tsakani. Wurin da a ka fi samun haka shi ne inda wayar gida ta kama ta falwaya, da bakin mita, da wurin fis. Wayar waje galibi alminiyam ce, ta cikin gida kuwa jan ƙarfe. Waɗannan biyu ba su jituwa. In an murɗa su kawai aka naɗe da leda, da laima ta shiga sai farin gari ya fito a mahaɗin, ya ci wayar. Akwai maɗauri na musamman da a ke haɗa su da shi, ka ce a sa maka shi ko ya fi tsada.

Wannan cuta ba ta zuwa ita kaɗai. Fitila tana ƙyaftawa, musamman in iska ta kaɗa waya ko an tā da injin niƙa a unguwa. Ana jin ƙaurin roba. Jikin mita ko fis ya yi baƙi. Da dare in ka tsaya nesa ka dubi kan falwaya, ka kan ga ɗan tartsatsi shuɗi. Rediyo ma shaida ce: ka sa mata batir, ka murɗa zuwa matsakaicin zango inda babu tasha, ka yi yawo da ita a tsakar gida. In tana ƙara ƙarar soyuwa sa'ad da ka nufi wajen mita, ta rage in ka yi nisa, akwai abin dubawa a can. Sai dai caja da wasu ƙwayayen fitila na zamani su ma suna sa rediyo ƙara, don haka a kashe su tukuna.

Akwai alama guda wadda ba a jira gari ya waye a kanta. In ka ga fitila ta yi haske fiye da kima, fanka tana gudu kamar za ta tashi, ga maƙwabcinka kuwa tasa ta dushe kamar aci-balbal, to, wayar komawa ce ta saki, wadda masu aikin wuta ke kira nutural. Gida wutar bolt 230 zuwa 240 ya ke sha, amma tsakanin layi da layi na taransifoma akwai wajen 415. In wayar komawa ta tsinke, rabon ya lalace, wani gida ya samu kaɗan, wani ya samu abin da zai ƙone masa kaya. Nan take ka kashe babban makunni, ka gaya wa maƙwabta su kashe nasu. Kada a mayar sai an gyara.

Manyan layuka kuwa, na bolt 11,000 da 33,000 da ke bin hanyoyin Tsafe da Bunguɗu, da babban layin 132,000 da ya taso ta Funtuwa zuwa Gusau, su ma suna da nasu kuka. Ƙurar hunturu ta kan kwanta a kan tangaran wata da watanni. Da raɓa ko yayyafin farko ya sauka, ƙurar ta jiƙe, sai wuta ta riƙa rarrafe a kanta tana tsartsarwa, har ruwa mai ƙarfi ya wanke. Wanda ke jin wannan daga kan gadonsa, ya auna nisan gidansa. Ƙa'ida ita ce a bar mita 5 da rabi ko wane gefe na layin 11,000 da 33,000, a bar mita 15 ko wane gefe na layin 132,000. A watan Afrilu na 2017, a Kalaba, babbar waya ta faɗo a kan wani gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano, aka yi hasarar rayuka. Manomi ma ya kiyaye: kada a kafa rumbu ko a tara kara a ƙarƙashin layi, kada a sa wa gona wuta a gindin falwaya, mai ɗora buhuna a kan mota kuma ya dubi sama kafin ya miƙe tsaye.

In waya ta faɗo ƙasa, a ɗauka tana da wuta ko ba ta motsi. A tsaya nesa da ita kamar taku 15, a kore yara da dabbobi. Ƙasar da ke kewaye da ita ma tana ɗauke da wuta, shi ya sa shanu su ka fi mutum saurin faɗuwa, gama ƙafafunsu na gaba da na baya suna da rata. Wanda ya tsinci kansa kusa, ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a ƙasa kaɗan kaɗan har ya fita, kada ya yi dogon taku.

Har yanzu nepa mu ke cewa, ko da ya ke NEPA ɗin da aka kafa a 1972 ta zama PHCN a 2005. Rarraba wuta a Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Kaduna yana hannun kamfanin Kaduna Electric. Duk abin da ke kan falwaya har zuwa mita, ofishinsu za a kai magana. Abin da ke cikin gida kuwa a nemo mai aikin wuta wanda ya koya sosai, ba yaron da ya iya murɗa waya kaɗai ba. In za ka je, ka tafi da bayani: wane lokaci a ke jin ƙarar, ƙugi ce ko tsartsarwa, tana tsayawa in an ɗauke wuta ko ba ta tsayawa, fitila tana ƙyaftawa ko a'a, maƙwabta suna ji ko kai kaɗai ne.

Mutumin Karakkai kuwa, yadda ka kwatanta, da hunturu ya fara, da dare a ke ji, ga rufin kwano sabo, mun fi zaton an ɗame maka waya ne iska tana kaɗa ta. Amma zato ba gwaji ba ne. Ka saurara a daren da babu wuta. Kafin nan ka janye buhunan dawar daga bangon da mita ta ke, ka ɗora su a kan katako a wani ɗaki, ka kuma duba daga ƙasa ko wayar tana gogar bakin kwano.