Darasi na 17: Mushe ya yi ritaya

A garin Mirya akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta. Ya yi shekara 30 yana koyarwa kafin ya yi ritaya. Har yanzu mutanen gari Mushe suke ce masa.

Da farko ritaya ba ta yi masa daɗi ba. Kullum da safe sai ya ji hayaniyar yara suna tafiya makaranta, shi kuwa yana zaune a zaure, ba inda za shi. Wata rana matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta ce masa:

— Malam, da zaman banza gara aikin kishiya. Ina zanen nan da kake yi wa yara a allo?

Sai Mushe ya nemo littafi da fensir. Ya fara da abin da ke kusa da shi: tukwanen da matan Mirya ke ginawa, da rijiyar lambu, da jakin maƙwabci. Inna kuma tana da keken ɗinki. Takan ɗinka rigunan yara da rigunan matashin kai. Mushe ya zana mata fure a kan yadi, ita kuma ta bi zanen da zare da allura. Ranar Lahadi ta kai kasuwar Mirya. Kuɗin fansho ba ya isa har ƙarshe, ɗinkin Inna ke cika kuɗin cefane.

Wata ranar Alhamis Mushe ya shirya zuwa Damagaram. Ya kira jikanyarsa cikin wasa:

— Amarya, ɗauko mini littafina, yau ke za ki raka ni.

Inna ta ce:

— Kishiya, kada ku mance da zarena, ja da kore.

Daga Mirya zuwa Damagaram kamar kilomita 18 ne. Suka shiga mota a tasha. Da suka isa, suka fara zuwa kasuwar Dole, wadda ke cika ranar Alhamis. Suka sayi zare da allura da yadi. Daga nan suka nufi Birni, tsohuwar unguwar da fadar Sarkin Damagaram take. Mushe ya gaya wa yarinyar cewa Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926, kafin a mai da shi Yamai.

A Birni akwai gidajen ƙasa masu zane a bango. Magina sukan fitar da zanen da hannu tun laka tana ɗanya. Bara Mushe ya zana ƙofar wani gida mai kyau. Yana so ya nuna wa jikanyarsa. Amma da suka je, sai suka tarar ruwan damina ya zubar da rabin bangon. Mai gidan yana tsaye yana kallo. Bayan gaisuwa ya ce:

— Kakana ya sa aka yi zanen nan. Maginin ya daɗe da rasuwa, ba wanda ya riƙe yadda yake.

Mushe ya buɗe littafinsa, ya miƙa masa. Ga ƙofar, ga zankwaye, ga dagi a tsakiya, kome yana nan yadda yake. Mai gidan ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce:

— Malam, ka ara mini takardar nan in nuna wa magini.

Mushe ya zauna a dakali, ya kwafe masa zanen a wata takarda. A hanyar komawa yarinyar ta tambaye shi:

— Kaka, ni ma zan iya?

— Za ki iya. Amma kafin hannu ya zana, sai ido ya duba da kyau.

Da dare Inna ta ga zanen, ta ce shi za ta ɗinka a rigar matashin kai ta gaba.

Ma'anar kalmomi

Ritaya: barin aiki bayan an yi shekarun da doka ta yanka (la retraite).
Fansho: kuɗin da ake ba ma'aikaci bayan ya yi ritaya (la pension).
Magini: mai sana'ar gini (le maçon).
Zanko: ƙahon laka da ke bisa kusurwar soro. Jam'insa zankwaye.

Tambayoyi

1. Me ya sa ritaya ba ta yi wa Mushe daɗi ba da farko?
2. Yaya Mushe da Inna suke taimakon juna?
3. Me ya sami gidan Birni?
4. Wane amfani littafin Mushe ya yi wa mai gidan?

Lissafi

Dala ɗaya tamma 5 ce, jikka ɗaya kuwa dala 200. Mushe ya ba da jikka ɗaya, ya sayi zare na dala 120. Dala nawa za a maido masa?

Aiki

Ku nemi wani tsoho ko wata tsohuwa a unguwarku, ku tambaye su aikin da suka yi da ƙuruciya da abin da suke yi yanzu. Sa'an nan kowa ya zana ƙofar gidansu, ya kawo aji.