Hoton Mutum a Hannun Wani

A da, wanda yake son hoto sai ya tafi wurin mai ɗaukar hoto a bakin kasuwa. Ya zauna bisa kujera a ɗauke shi, bayan kwana biyu ko uku ya komo ya karɓa. Hoton na takarda ne. Ana manna shi ga katin ɗan ƙasa, ko a rataye shi a bango, ko a ɓoye shi cikin akwati. Wanda zai gan shi sai ya shigo gida.

Yanzu salula ita ke ɗaukar hoto. Ran salla a Damagaram, ko wurin biki a Maraɗi, ko filin kokowa a Tawa, kowa na riƙe da tasa. Hoton da aka ɗauka da safe, kafin azahar ya isa Yamai, ya isa Kano, ya isa Agadas. Hanyarsa ita ce shafukan zumunta na intanet, kamar Facebook da aka buɗe a 2004, da WhatsApp da aka buɗe a 2009, da TikTok.

Hoton salula ba ya ƙarewa don an ba wani. Duk wanda ya same shi yana iya ajiye shi, ya tura wa mutum goma, su ma kowa ya tura wa goma. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Hoto ma haka yake.

Yadda ake ɓarna da hoto

Wani yakan ɗauki hoton yaro ya sa a zauren WhatsApp, ya rubuta ba'a a ƙarƙashinsa don a yi dariya. Wani yakan ɗauki hoton yarinya ya haɗa da maganar ƙarya don ya ɓata mata suna. Akwai kuma manhajojin da ke canza hoto, su ɗora fuskar mutum bisa jikin wani, har mai kallo ya zaci gaskiya ne.

Wani kuwa ɓarawo ne. Yakan buɗe sabon shafi da sunan mutum da hotonsa. Sai ya rubuta wa danginsa: «Ina asibiti, a taimake ni da jika goma.» Dangi su ga fuskar da suka sani, su aika kuɗi. Kuɗin ya faɗa aljihun ɓarawo.

Mafi muni shi ne mai tsoratarwa. Yakan ce: «In ba a ba ni kuɗi ba, zan watsa hoton nan.» Irin wannan ba ya ƙoshi. In an ba shi yau, gobe zai komo.

A duk waɗannan, laifi na wanda ya sa hoton ne. Mai hoto ba shi da laifi. Yara da yawa sukan yi shiru don kunya ko don tsoron faɗan iyaye. Shirun nan shi macuci yake so, domin kowace rana ta wuce hoton yana ƙara nisa.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a ajiye shaida. A ɗauki hoton fuskar salula yadda sunan shafin, da lambar wanda ya tura, da ranar za su fito. A rubuta su kuma cikin kaye. Macuci yana iya share abin da ya sa, sannan ya yi musu. In hoton na tsiraici ne, kada a tura wa kowa, ko da aboki ne. A kai salular hannun babba.

Na biyu, a gaya wa babba tun ranar: uwa, ko uba, ko yaya, ko malamin aji, ko shugaban makaranta. Yaro ba ya ɗaukar wannan kaya shi kaɗai.

Na uku, kada a rama da zagi, kada a biya ko dala. Zagi yana ƙara wa wuta itace, kuma mai ramawa shi ma yana iya shiga laifi.

Na huɗu, in an san wanda ya sa hoton, babba ya same shi, ko ya sami iyayensa, ya ce a cire. Sau da yawa ɗan aji ne ko maƙwabci, bai san girman abin da ya yi ba. Mai unguwa ko malam yana iya shiga tsakani. A zauren WhatsApp, shugaban zaure yana da ikon share saƙon wani daga wurin kowa, in ba a daɗe da turo shi ba. Saboda haka a gaya masa da wuri.

Na biyar, a kai ƙara ga masu shafin. A Facebook, kusa da kowane hoto akwai ɗigo uku. In an taɓa su, a salular da ke aiki da Faransanci za a ga kalmar «Signaler». Nan ake zaɓar dalili: ba'a ce, ko tsiraici, ko wani ne ya ari sunan mutum. Uwa ko uba suna iya neman Facebook ya cire hoton ɗansu da bai kai shekara 13 ba. WhatsApp kuwa dabam yake. Hoton da ya riga ya sauka cikin salular mutane, kamfanin ba ya iya shiga ya share shi. Abin da yake iyawa shi ne rufe lambar mai laifi.

Na shida, in an buɗe shafin ƙarya, a sanar da dangi da abokai nan da nan, don kada wani ya aika kuɗi.

Na bakwai, in abin ya ƙi ƙarewa, ko akwai tsoratarwa, iyaye su ɗauki shaida su tafi wurin ƴan sanda ko jandarma.

Abin da doka ta ce

A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara. Nijar ta shiga cikinta a 1990. Sashe na 16 na yarjejeniyar ya hana a shiga sirrin yaro ba bisa doka ba, ya hana a taɓa mutuncinsa da sunansa.

A 2017 Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane, aka kafa wata hukuma mai suna HAPDP don ta lura da wannan aiki. Hoton fuska yana cikin bayanan mutum, kamar sunansa da lambar salularsa. A 2019 kuma aka yi dokar hukunta laifukan intanet, wadda aka yi wa gyara a 2022 da 2024. Ta hana zagi da ɓata suna ta intanet, da watsa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam.

Rigakafi ya fi magani

Dokar Facebook da TikTok ta ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Wanda ya kai, ya zaɓi waɗanda za su ga hotunansa. A WhatsApp ana iya gyara hoton shafi yadda sai waɗanda aka ajiye lambarsu za su gan shi. Kada a tura hoto ga wanda ba a sani ba, komai daɗin bakinsa. Kada a ba kowa lambar sirri ta shafi.

Yaron kirki yana neman izini kafin ya ɗauki hoton wani, yana sake nema kafin ya tura shi. In hoton ba'a ya iso salularsa, nan zai tsaya: ba ya turawa gaba, sai ya sanar da mai hoton ko malam. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin hoton takarda da hoton salula?
2. Ta yaya ɓarawo yake cin kuɗin dangi da hoton mutum?
3. Don me ake ajiye shaida kafin a kai ƙara?
4. Don me ba a biyan mai tsoratarwa?
5. A wace shekara aka yi dokar hukunta laifukan intanet a Nijar?

Aiki

Ku kwafi matakai bakwai ɗin nan cikin kaye, kowane mataki a layi ɗaya. Ku karanta wa iyayenku a gida.