Kafin Ka Kama Hanyar Mweka

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini an ɗauke ka karatun kula da namun daji a Mweka, can ƙasar Tanzaniya. Alhamdu lillahi. Na ji daɗi, na kuma sa maka albarka. Masu cewa me mutum zai je nema cikin jeji bayan ya gama jami'a, ka yi musu uzuri. Ƙauna ce ta sa su faɗa.

Makarantar tsohuwa ce. Tun 1963 aka kafa ta a gindin dutsen Kilimanjaro, kusa da garin Moshi, kuma da yawa cikin masu riƙe da gandun daji a Afirka can suka yi karatu. Akwai sanyi. Ka tafi da riga mai kauri, da takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi, don sabo cin ƙafa yake a doguwar tafiya. Katin allurar shawara ya zauna tare da fasfo. Karatunsu ba a aji yake ƙarewa ba. Za a kwashe ku a mota zuwa daji, ku kafa tanti, ku tashi tun asuba kuna bin sawu kuna ƙirga dabbobi. Tsando zai cije ka. Za ka gaji. Ka riƙe sallarka, ai an yi wa matafiyi rangwame.

A daji, wanda ya fi ka sani sau da yawa ba shi da takarda. Ɗan jagora zai duƙa kan kashin giwa, ya taɓa da bayan hannu, ya ji da sauran ɗumi. Ya dubi reshen da ta karya, ruwansa bai bushe ba, sai ya nuna muku inda ta nufa. In ya ce tsaya, ka tsaya. In ya ce kada ka gudu, ko zuciyarka na bugawa, kada ka gudu. Ɓauna da dorina sun halaka waɗanda suka raina irin wannan magana. Baƙo ko da ido makaho ne. Ka koyi Suwahili, ka fara da gaisuwa, ka ci abinci tare da su. Mutum ba ya ɓoye wa wanda ya girmama shi abin da ya sani.

Za ka ga Masai da shanunsu, za su tuna maka da Fulaninmu. Ka nemi jin labarinsu. A 1959 aka fitar da su daga Serengeti don a keɓe wa namun daji, aka mai da su Ngorongoro. A 2022 ma an yi rikici a Loliondo kan filin kiwo da gwamnati ta shata. Ba na ce ka sa baki a sha'anin ƙasar mutane ba, ɗana. Ka kama bakinka, amma ka buɗe kunne. Gandun da aka kafa makiyayi na kuka, tsaronsa sai da bindiga. Ranar da mai gadi ya gaji, dabba ce za ta biya bashin.

Ga abin da ya faru nan maƙwabta. A Kure, kudu maso gabas da Yamai, raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma suke. A 1996 saura kamar 50 suka rage. Babu shinge a wurin. Cikin gonaki suke yawo, su ci ganyen gawo, su shiga wake su yi ɓarna. Aka hana farautarsu, aka taimaki ƙauyuka da rijiyoyi da ɗan rance, samari suka zama 'yan jagora suna samun na cefane. Manomi ya haƙura da wakensa, don ya ga dabbar na kawo wa garinsu alheri. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji, cikin jihar Maraɗi. Sai a Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, baƙi suka ɗauke ƙafa. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Aikin shekaru ne, rashin tsaro ya girgiza shi rana ɗaya, kamar yadda ya yi wa gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari.

To, mu a Kwalkwalawa ba mu da giwa, ba mu da zaki. Muna da gulbin Rima da fadamarsa. Muna da ungulu, ko in ce muna da ita a da. Da can ba ka zuwa mahauta ba ka gan su jere bisa katanga ba. Yau yaro sai ya girma bai ga ko ɗaya ba. An sa musu guba, an sayar da sassansu ga masu magani, har a 2015 aka sa irin tamu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Mushen da take sharewa yanzu nan yake ruɓewa, karnuka da ƙuda su gaje shi. Haka gulbi: raga mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su yi ƙwai ba, masunci ya ci yau ya rasa baɗi. Ka tuna kuma ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'ar Ɗanfodiyo. Ruwan nan yana buƙatar mai lura da shi kullum, mai ƙirgawa ya rubuta, ba sai masifa ta zo ba. Abin da za a koya maka ke nan.

Wataƙila in ka gama a yi maka tayin aiki can. Ba laifi ka taɓa, ka ƙara gogewa. Sai dai kada ka daɗe har a manta muryarka. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kafin ranar tashi, ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Ka gangara ƙarƙashin gadar gulbin da sassafe, lokacin da masunta ke fitowa. Ka gaida tsofaffinsu, ka zauna. Ka tambaye su kifayen da suke kamawa suna samari waɗanda yanzu suka yi wuya, da watan da kowanne ke ƙwai, da tsuntsayen da ke sauka fadama da hunturu. Ka rubuta da sunayen da suka faɗa. A Mweka za a tambaye ka abin da ke ƙasarku, ina so ka amsa da abin da ka ji daga bakin masu shi.

Ka biyo ranar Juma'a ka yi wa kakarka sallama, tana ta tambayarka. Allah ya kiyaye hanya, ya dawo mana da kai lafiya.