Ƙanena a tasha yake kwana

Tambaya: Ƙanena ya faɗa shan tiramol, Baba ya kore shi, yanzu a tasha yake kwana. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya yaye masa. Shaye-shaye ciwo ne mai magani, kora kuwa miƙa shi take yi ga dillalan ƙwaya. Ki fara sama masa makwanci da abinci wajen kawunku, limamin unguwa kuma ya tausasa zuciyar Baba. Sannan ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna, ko sashen ba da shawara na NDLEA. Likita ne zai janye masa ƙwayar sannu a hankali. Ku guji gidan mari, duka ba ya warkarwa. In ya samu sauƙi, a haɗa shi da sana'a. Ko ya sake zamewa, ku mayar da shi asibiti.