Yadda ake zaɓar wa ƙaramin kare ɗamarar ƙirji

Karen farauta da karen gadi su muka saba gani, kuma sarƙa ko igiya a wuya ta ishe su. Amma yanzu a unguwannin Abuja da Kaduna da Jos, har da Kano, ana ajiye waɗansu 'yan mitsi-mitsin karnuka da wani ƙaton muzuru ma ya fi su nauyi. Akwai Lasa mai dogon gashi, wanda asalinsa Tibet ne. Akwai Cihuwahuwa na ƙasar Meziko, wanda bai cika wuce kilo 3 ba, da Fomeraniya, da Yokshaya, da Shitsu mai daƙaƙƙen hanci. Irin waɗannan ba a ja musu igiya a wuya. Ɗamara ake sa musu wadda ta zagaye ƙirji da kafaɗu, masu kantin kayan dabbobi suna ce mata hanes.

Dalili yana ga maƙogwaro. Bututun numfashin kare waɗansu zobban guringuntsi ne suke riƙe da shi a buɗe. A jikin ƙananan karnuka, musamman Yokshaya da Fomeraniya da Cihuwahuwa, zobban nan sukan yi laushi, sai bututun ya riƙa lotsawa. Alamarsa busasshen tari ne mai ƙara, wanda yakan taso idan karen ya yi zumuɗi ko an fizge shi. Abin wuya kuwa daidai kan wurin nan yake zama. Masu daƙaƙƙen hanci, dama can da ƙyar suke numfashi, ga idanu a waje, matse wuya kuma yana ƙara matsi a cikin ido. Ɗamara tana ɗauke nauyin ja daga wuya ta mai da shi kan ƙashin ƙirji da haƙarƙari, inda jiki zai iya ɗauka.

Aiki na farko awo ne, kuma a gida ake yin sa kafin a doshi kanti. Samo tef ɗin tela. Ka sa karen ya tsaya a kan ƙafafunsa huɗu, don idan yana zaune ko kwance awon ba zai fito daidai ba. In mai rawar kai ne, wani ya riƙe masa ɗan abinci a gaban hanci. Zagaya tef ɗin a inda haƙarƙari ya fi faɗi, wato kamar yatsa biyu a bayan ƙafafun gaba, ya bi ta ƙarƙashin ƙirji ya haɗu a gadon baya. Wannan shi ne awon da ya fi kowane muhimmanci. Kada ka ja tef ɗin har ya nutse, kada kuma ka bar shi yana lilo. A jikin Lasa da Fomeraniya sai an yi hattara, domin gashi yana ruɗin ido: ka ga kare dum kamar zai cika hannu, ka danna ka tarar rabinsa gashi ne. Danna tef ɗin har ya kwanta a fata.

Awo na biyu a gindin wuya ne, can ƙasa inda wuya ya haɗu da kafaɗu, ƙasa da inda abin wuya yake zama. Sai nauyi. Hau sikeli kana rungume da shi, ka sauka ka hau kai kaɗai, ka debe. Rubuta duka a takarda, awon ƙirji da na wuya da santimita. Tef ɗin tela yana da fuska biyu, inci da santimita, inci 1 kuwa santimita 2.54 ne, don haka wanda ya karanta fuskar da ba ita ba zai dawo gida da abin da ba daidai da karensa ba.

Harufan da ake rubutawa a jikin kwali, XS da S da M, kada su ruɗe ka. Kowane kamfani da nasa ma'aunin, S ɗin wannan zai iya zama M ɗin wancan. Juya kwalin ka nemi jadawalin awon ƙirji, ka gwada da abin da ke takardarka. Abin da ake so awon karenka ya faɗo a tsakiyar iyakar da aka rubuta, yadda za a iya ƙara ɗaurewa ko sassautawa. Idan ya faɗo a kan iyaka tsakanin girma biyu, ɗauki babbar in dai tana da wurin ragewa. Wadda ba ta da jadawali ko kaɗan, ajiye musu abarsu, sai fa in za a bar ka ka gwada a jikin karen a nan take.

Bayan awo sai ƙira. A ganina wadda ta fi dacewa da yawancin ƙananan karnuka ita ce wadda idan ka dubi karen ta gaba za ka ga madaurai biyu sun gangaro daga kafaɗu sun haɗu a kan ƙashin ƙirji, ɗaya kuma ya wuce ta tsakanin ƙafafu, siffar harafin Y. Tana barin wuya a sake, tana barin kafaɗa ta yi motsi. Akwai wadda madaurinta ya gitta ƙirji a kwance daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Tana da saurin sawa, amma takan tare kafaɗa idan karen ya miƙa ƙafa, kuma kare mai wayo yakan zame daga cikinta. Akwai wadda ake shimfiɗawa a ƙasa, karen ya taka ƙafafunsa cikin ramuka biyu, a ɗago a maƙala a baya. Wannan ta dace da karen da ba ya son a zura masa komai ta kai, sai dai wuraren gyara girmanta kaɗan ne. Sai mai kama da 'yar shara, wadda ta rufe ƙirji duka. Tana da taushi, tana da kyan gani a hoto, amma wadda aka cika da soso ba ta ƙasarmu ba ce. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jiki, to a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, sa masa rigar soso zalunci ne. In 'yar sharar ake so, a nemi ta raga, mai shan iska.

Dubi inda zoben igiya yake. Na gadon baya shi ne na kullum, kuma ga kare mai gajerun ƙafafu ya fi, don igiya ba ta harɗe shi. Na gaban ƙirji an yi shi ne don kare mai ja, idan ya fizga sai ya juyo da shi gefe. Ɗan kilo 3 ba ya jan kowa ya faɗi, don haka ba lallai ba ne.

Ɗauki ɗamarar a hannu ka juya cikinta. Shafa ɗinkin da bayan yatsa, in ya karce ka, zai goge masa hammata. Maƙala maɓallin ka ji ya ce ƙas, ka ja da ƙarfi ka gani ko zai buɗe. Zoben ya kasance na ƙarfe wanda aka like bakinsa. Mai mannewa kaɗai, irin ta takalmin yara, gashi da ƙurar hunturu suna cika ta ta daina kamawa, sai in akwai maɓalli a kanta. Nauyin ƙarfen ma abin dubawa ne: maƙalin igiyar babban kare idan aka rataya shi a bayan Cihuwahuwa, dukansa zai riƙa yi duk taku.

Yanzu gwaji a jiki. Sassauta madauran duka kafin ka sa, sannan ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, dama da hagu daidai wa daida, don kada ta karkace. Ƙa'idar ita ce yatsa biyu su shiga a kwance tsakanin madauri da fata, ga ɗan mitsitsi kuwa yatsa ɗaya ya isa. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa doki majayi ya san abin: in ya yi sako-sako sirdi ya juya, in ya matse ya ci fata. Madaurin ciki kada ya manne da hammata, a bar tazara. Na gaba ya zauna a kan ƙashin nan da ke tsini a gaban ƙirji. Idan ka ja igiya ka ga ya hau maƙogwaro, an koma gidan jiya, ba ta da maraba da abin wuya. Idan tsawon madauri ne kawai ya yi yawa, baduku ko mai gyaran takalmi zai rage ya ɗinke.

Gwajin da mutane suka fi mantawa shi ne na zamewa. Kare ba ya kuɓucewa ta gaba, da baya yake fita. Babur ya yi ƙara, ya tsorata, ya turje, ya sunkuyar da kai, ya miƙa ƙafafu, sai ka ga ɗamara a hannunka shi kuma yana tsakiyar titi. Don haka a cikin gida, ƙofa a rufe, tsaya a gabansa ka ja igiyar a hankali zuwa wajenka. Idan ɗamarar ta fara tahowa ta kan kafaɗu, ko gwiwarsa ta fara fita, ƙara ɗaurewa. In an ɗaure har yanzu tana tahowa, ƙirar ce ba ta dace da shi ba. Ga kare matsoraci akwai mai madauri na uku a bayan haƙarƙari, inda ciki ya tsuke, wannan da wuya a fita daga cikinta.

Kada ka sa masa yau ka fita da shi yau. Ajiye ta a ƙasa ya shinshina, ka ba shi ɗan dafaffen nama. Riƙe naman ta bayan ramin wuyan, ya zura kansa da kansa. Ban da tsire da kilishi, saboda yaji, ga shi albasa da tafarnuwa guba ne ga kare. Ya yi 'yan mintoci da ita a tsakar gida, a cire, gobe a ƙara. Waɗansu sukan sandare wuri guda ranar farko, kada a ja su, za su sake.

Da an dawo daga yawo a cire ta. Barin ta a jiki dare da rana yana dunƙule gashin Lasa a hammata, kaska kuma tana son irin wannan maɓoya. Duba wurin ko ya yi ja ko gashi ya zube. A wanke ɗamarar da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa. Ba a ɗaga kare sama da igiya, a sa hannu ƙarƙashin ƙirji da gindi. Ɗamarar yawo kuma ba bel ɗin mota ba ce. Abin wuya mara nauyi yana iya zama don rataya lambar wayarka, amma igiya a ɗamara za ta kasance. Kwikwiyo a riƙa sake auna shi duk bayan mako biyu zuwa uku, domin ƙananan karnuka sukan kai cikakken girmansu ne wajen shekara 1, kuma bayan aski ma sai an sake ɗaurewa.

Idan an koma ɗamara amma tarin nan bai daina ba, ko ka ga harshensa yana yin shuɗi in ya gaji, kada ka tsaya sauya wata, kai shi wurin likitan dabbobi.