Koyar da Sana'a a Makaranta: Me Yaronka Yake Koya?

Ba yau aka fara zancen sa sana'a cikin karatun boko ba. A 1982 Nijeriya ta soma tsarin 6-3-3-4 da nufin yaro ya bar ƙaramar sakandare da aikin hannu. An sayo injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama suka yi tsatsa cikin akwati, domin babu wuta, babu malamin da ya iya su.

Daga zangon karatu na 2007/2008 darasin dogaro da kai ya zama dole a jami'o'i. A 2011 hukumar NERDC ta shigar da sana'o'i 34 a babbar sakandare, kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya. A 2025 gwamnati ta rage su zuwa 6: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, noman lambu, da gyaran kwamfuta da waya.

Sai dai mu lura, iya aiki daban, iya riƙe kasuwanci daban. Yarinya tana iya ɗinka riga mai kyau, amma idan ba ta lissafa kuɗin zare, shafi, maɓalli da wahalarta kafin ta yanka farashi ba, za ta wuni a kan keke ta tashi da asara. Abin da yake karya masu sana'a shi ne cin uwar kuɗi da sunan riba, da ba 'yan'uwa bashi saboda kunya. Makarantar da take koyar da kiwon kaji a kan allo, ɗalibi ya haddace ya ci jarrabawa bai taɓa riƙe ɗan tsako ba, ba ta warkar da wannan ciwo.

Saboda haka ku tambaya a taron iyaye da malamai: wace sana'a ake koyarwa, da waɗanne kayan aiki? A gida kuma, ku ba yaro ɗan jari, ko 'yan tsaki goma ne, tare da littafin rubutu. Ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya sayar. Ranar Asabar ku zauna ku duba tare. In ya faɗi, kada ku yi saurin cika masa. Bari ya nemo da kansa inda kuɗin ya zurare.