Guntaye 16 a Cikin Koren Ganye

Wasiƙar farko da mai gabatar da wani shirin amsa tambayoyi ya buɗe a wannan makon ta fito ne daga wani ɗalibin aikin gona a Zariya. Ya ce malaminsu ya ambaci wani furotin mai suna Rubisko, wai shi ne ya fi kowane furotin yawa a doron ƙasa, kuma an san kamanninsa. To yaya aka yi aka ga abin da ido ba ya gani?

"Madalla da wannan tambaya, ɗalibi," in ji mai gabatarwa, sannan ya faro daga aikin furotin ɗin. Rubisko ne ke cafke iskar kabon dayoksaid a cikin ganye, ya liƙa ta jikin wani sukari mai kabon 5, daga nan tsiro ya ƙera abincinsa. A 1947 Sam Wildman da James Bonner suka ware shi daga ganyen alayyafon Turawa a Kalifoniya, ba tare da sun san aikinsa ba tukuna.

Batun ganinsa kuwa, ya ce sai an bi ta bayan gida. Ana tace furotin ɗin, a lallaɓa shi har ya daskare ya zama kiristal, inda ƙwayoyinsa ke jere sahu-sahu. Sai a harba masa hasken eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Hasken ya watse ya bar ɗigo-ɗigo, kuma daga ɗigon nan ake lissafo mazaunin kowane atom. A ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar David Eisenberg a Amurka ta fitar da siffar na ganyen taba, masu bincike a Upsala ta ƙasar Suwidin, ciki har da Inger Andersson, suka fitar da ta alayyafo.

A nan mai gabatarwa ya ɗan rage sauri. Rubisko na tsirrai, ya ce, guntaye 16 ne a haɗe, manya 8 da ƙanana 8. Manyan sun rungumi juna biyu-biyu, tagwaye huɗu a zagaye, ƙanana huɗu sun zauna a sama, huɗu a ƙasa, kamar ganga da fata a baki biyu. Wurin da ake kama iskar yana daidai mahaɗar manya biyu, kan wannan ya jingina da gindin wancan, don haka babba guda shi kaɗai ba ya tsinana komai. Kowane tagwaye na da irin wannan wuri biyu, jimla 8 ke nan. Kafin wurin ya fara aiki ma, sai wata ƙwayar kabon dayoksaid daban ta maƙale a jikin wani tubali mai suna laisin, na 201 a sarƙar furotin ɗin, magneziyom ya zo ya zauna a kai.

Wata malamar sakandare daga Maraɗi ta aiko da saƙon tes tana tambayar amfanin ƙananan, tunda aikin duk na manya ne. "Malama, ba ado ba ne," ya amsa. Suna ɗaure ginin, suna kuma shafar saurin aikin. Amma ya yarda cewa akwai Rubisko marar su: na wata bakteriya mai suna Rhodospirillum rubrum manya biyu ne kawai, kuma yana aiki.

Abin da ya fi burge shi, kamar yadda muryarsa ta nuna, shi ne asalin guntayen. Umarnin gina babba yana cikin kuloroplas, ɗakin nan mai kore a cikin ƙwayar ganye, na ƙarami kuma yana cikin cibiyar ƙwayar. Sai an ƙera ƙarami a waje an shigo da shi, wasu furotin masu taimako su naɗe manyan su haɗa su. Wannan ne ya daɗe yana ba masana wahala. Sai a 2017 masu bincike na cibiyar Max Planck a Jamus suka iya harhaɗa Rubisko na tsiro a cikin bakteriyar E. coli, bayan sun saka mata mataimakan nan.

Tambaya ta ƙarshe ta wani manomi ce daga Gumel: "Malam, mu ina ruwanmu da wannan?" Mai gabatarwa ya yi dariya, ya ce ruwa da tsaki, Alhaji. Rubisko na da nawa, domin kowane wurin aiki ƙwayoyin iska kaɗan yake kamawa a daƙiƙa, shi ya sa ganye ke tara shi da yawa. Yana kuma kuskuren cafko oksijin a maimakon kabon dayoksaid, kuskuren da ke ƙaruwa idan zafi ya tsananta, tsiro ya yi asarar ƙarfi wajen gyara. Gero da dawa da masara da rake suna da dabarar tara kabon dayoksaid a kewayen furotin ɗin, sai kuskuren ya ragu ƙwarai. Shinkafa da alkama ba su da ita. Wannan, in ji shi, na cikin dalilan da gero ke jure ranar damina mai ƙuna, alkama kuwa ake jiran sanyin hunturu kafin a shuka ta a Kadawa.